Wankin Mota a Bencin Asibiti

Wani direba yana zaune a bencin asibiti, makullin mota a hannunsa, gumi na tsattsafo masa. Nas ta ce jininsa ya hau, za ta sake aunawa an jima. In bai sauka ba, babu takardar lafiya, sabon aikin kuma ya wuce shi.

Kusa da shi wata dattijuwa ce 'yar firit, ƙafar tabaraunta ɗaure da zare, hannuwanta kwance lamo kan cinya.

"Ɗana, wannan karkaɗa ƙafar sai ta kayar da mu," in ji ta. "Me kake yi in ka gama tuƙi?"

"Wankin mota, Inna."

"To rufe ido mu je mu wanke ta. Ruwan da sanyi?"

Dariya ta kusa ƙwace masa, amma ya rufe idon. Murya ƙasa-ƙasa take bi da shi: ga bokiti a inuwa, ga kumfa na gangarowa kan gilashi, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hannunsa ya fara zagaye a iska da sauri, ta ce, "A'a, ka tsallake madubi. Koma."

Kafaɗunsa suka sauka da kansu. A ina baiwar Allah ta koyi wannan? Wataƙila shekaru ta yi a bakin gadon wani, tana fita da shi yawo bai motsa ba.

Da aka kira shi, nas ta auna, ta sake duba na'urar. "Malam, me ka sha?"

"Ban sha komai ba. Mota na wanke."