Ƙafar 'Yata ta Fari

Har in koma ga Allah ba zan manta watannin da na yi ina murza ƙafar 'yata ta fari ba. Lokacin mulkin soja ne, komai ya yi tsada, muna zaune a Kurmin Kogi, maigidana yana noman barkono. An haife ta tafin ƙafarta ta hagu a karkace, yana kallon ciki. Surukata ta duba ta ce, "Haka Allah ya yi ta, a rufe da zane." Na rufe.

Ranar da na kai ta awo asibitin Ikara, wata dattijuwar nas 'yar kudancin Kaduna ta yaye zanen, ta juya ƙafar a hankali da yatsu biyu.

Na ce, "Sista, za ta yi tafiya kuwa?"

Ta ce, "Ƙanwata, wannan bai gama zama ƙashi ba, guringuntsi ne. Naman jariri yana jin inda ake tura shi, ƙwayoyin halittarsa su sanar da juna, girman ya bi ta can. Filasta mai tauri irin na karaya ya kamata a ɗaura, amma ya ƙare mana. Sai hannunki."

Ta nuna min yadda zan riƙe dunduniya in tura tafin waje duk bayan shayarwa, in riƙa komawa tana naɗe mata bandeji. Yarinya ta yi ta tsala ihu, surukata tana cewa, "Ke, za ki karya mana 'ya!"

Da tsinkar barkono ta zo, na bari har sati uku. Aiki na ce ya hana ni, amma gaskiya kukan ne ya ishe ni. Da na koma, nas ɗin ta taɓa ƙafar, ta ɗago ta dube ni. "Kin daina." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ƙafar ta fara komawa yadda take.

Daga ranar ban sake tsallake ko sau ɗaya ba. Da surukata ta ga tafin yana miƙewa, ita da kanta take riƙe min yarinyar.

Ta taka tana da shekara ɗaya da rabi. Yau tana da 'ya'ya huɗu, da ƙafa take zuwa kasuwa, sai dai takalminta na hagu yakan cinye daga gefe guda. Ban san ko sati ukun nan ne suka jawo ba, kuma ban taɓa gaya mata ba.

Abin da na koya shi ne, tausayin da ya sa ka janye hannu daga abin da ke kan girma, sau da yawa kanka kake tausaya wa.