Gyaran Ƙarshe na Kawu Rarraba

Kafin masu shagunan layin su fito, ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa na buga takardu, ya share, ya ɗora ruwan shayi. Sai ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa mai kukan fanka. Ba aikin shago yake yi ba a wannan lokacin. Akwai wata manhaja ta kyauta da ƙananan shagunan magani ke amfani da ita, tana tuna musu maganin da ya kusa lalacewa. A buɗe take, duk mai so yana iya gyara wani wuri a cikinta ya turo, amma ba a shigar da gyara sai wani ya duba. Shi ne mai duba aikin sababbin shiga, shekara da shekaru, don Allah kawai.

Kawu Rarraba muke ce masa. Sabon shiga, irina lokacin da na zo da ɗan guntun karatuna, yakan cusa gyare-gyare barkatai a dunƙule ɗaya, ya turo yana jin kansa. Amsar ba ta canzawa: "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Rarraba shi. Kowane gyara ya zo shi kaɗai, ka gwada shi, ka rubuta dalilinsa saboda wanda zai zo bayanmu."

Kuma ko layi ɗaya ka kuskure, ba zai gyara maka ba. Wata mai shagon magani da muke kira Anti Likita, ko da yake ba likita ba ce, ta taɓa tako ƙafa har shagonsa da ya mayar mata da gyaranta.

"Haba Kawu, layi ɗaya fa! In ka gyara, hannunka zai karye ne?"

"Hannuna ƙalau, 'yata. Amma in na taɓa, sunana zai hau kai. Aikinki ne, sunanki nake so a gani."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Yau ita ma mai dubawa ce.

Bana ido ya fara yi masa hazo. Ya yi ta ƙara girman rubutu har layi biyu suka cika masa allon, ƙarshe ya ce zai ajiye aikin. Ba idon ne ke damunsa ba, sababbin shiga ne. Tsoronsa kada bayansa a riƙa gyara musu aiki a ɓoye don a huta, ba wanda zai tsaya ya koya musu.

Kafin ya tafi ya turo gyaransa na ƙarshe, hanyar ƙara girman rubutu saboda tsofaffin masu shago irinsa. Sai ga shi a dunƙule, ba dalili, ba gwaji. Idon bai bar shi ya tsara ba. Aikin ya faɗo hannun Anti Likita. Wasu suka ce mata, "Ki shigar kawai, ki rufa wa dattijo asiri."

Ta rubuta masa: "Sannu da ƙoƙari, Kawu. Rarraba shi."

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce da aka karanta wa Kawu saƙon, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau yana share ido. Washegari da sassafe ga Anti Likita a shagonsa da kujerarta. Tana karanta masa layi-layi, yana faɗin inda za a yanka, yana laluben madannai da kansa.

"'Yata, ɗan danna min nan mana."

"A'a Kawu. In na taɓa, sunana zai hau kai."

Kawu, kai ne ka fara ce min ɗana a wurin da na shiga ina rakuɓe-rakuɓe. Kai ne mai mayar da aiki ba tare da ka kori mai shi ba. Har yanzu in na tura gyara, da safe nakan buɗe ina neman gaisuwarka, sai in tuna kana can bakin shago, shayi a hannu, kwamfutar a lulluɓe da zane. Muna kewarka, ba kaɗan ba.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma da kuka iya, in sabon shiga ya turo muku dunƙulensa, ku gaishe shi tukuna, ku nuna masa inda zai yanka, sannan ku janye hannunku.