Ba a Wuce Ustaz

Da can, idan aka ce yaro ya tafi Gadarif neman aiki, lauje yake ɗauka da tabarma. Ya shiga manyan gonaki ya yi ta yankan riɗi har hannunsa ya yi kanta, ya dawo gida da sabuwar jallabiya. Yanzu jikokin masu laujen nan suna zaune a inuwa gaban kwamfuta, suna kuka da ciwon baya. Irinsu na je gani kwanan nan.

Mun tashi da asuba daga Fau, ni da wani abokina da ya ce zai raka ni ya dubo farashin dawa. Ƙanwata ce ta tayar da ni. Ɗanta Mudassir ya buɗe ɗan ofis a Gadarif, shi da wasu matasa, suna rubuta manhajar waya da za ta haɗa masu gona da 'yan ƙwadago lokacin yanka. Wata ƙungiyar manoma ce ta ba su aikin, da sharaɗin su gama kafin riɗi ya nuna, domin riɗi in ya bushe a tsaye fashewa yake yi ya zube. In ba su gama ba, za a miƙa aikin ga wani kamfani a Khartum, shi kuwa ya riga ya gaya wa uwarsa zai rufe ofis ya tafi Saudiyya.

"Ya gayyace ka ka ba da kyauta, wai wasa suke yi a ofis," in ji ta. "Je ka gano mini wane irin wasa ne zai raba ni da ɗana."

Damina ta kusa ƙarewa, hanya kore shar dama da hagu, dawa ta fitar da kai. A wani shinge jami'i ya tambaye ni abin da zan yi a Gadarif. Na ce zan ba da kyauta a wani wasa. Ya ɗaga gira ya ce, "Na kati?" A wannan zamani kalmar wasa ba ta da daɗin ji a bakin shinge, sai na gyara na ce musabaƙa. Ya ɗauka ta karatun Alƙur'ani ce, ya yi ta sa mini albarka. Ban tsaya yi masa bayani ba. Gaba kaɗan muka karya da ful, wato dafaffen wake, da man riɗi. Kwanon ya ƙanƙance, kuɗin ya girma, abokina ya yi ta mita har muka hango dogayen rumbunan hatsi na gari.

Laƙar Gadarif baƙa ce, mai riƙe takalmi. Na taka ta Fort Lami, na taka ta Matamma, ban ga mai naci irin wannan ba. Raksha, keke mai ƙafa uku, ta sauke ni bakin kasuwa, na hau bene bisa shagon wani mai sayar da buhuna. Ɗaki ɗaya ne, fanka ɗaya, injin wuta na kuka a baranda. Mudassir ya ce saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar, rabin kayan aikinsu sai sun zagaya ta bayan gida kafin su sauke daga intanet, amma ba wannan ne ya hana su barci ba. Ya ja ni gaban wani farin allo.

Ya karanta cewa a manyan kamfanoni ana zuba wa aiki kayan wasa don ma'aikata su yi himma. Kuskuren da ke cikin manhaja ƙwaro suke ce masa. Wanda ya kashe ƙwaro yana da maki, wanda ya gama wani sashe yana da tauraro, wanda ya fi kowa a mako shi ne Sarkin Ƙwari, kuma shi ke zama kusa da fanka.

"Amma Kawu, tun da na kafa allon nan aiki ya koma tafiyar hawainiya."

Na duba. A sama an rubuta Ustaz. Sauran suna ƙarƙashinsa, kowa ya gaza shi da ɗan kaɗan, a jere kamar sahun salla. Na ga irin wannan allo a wani kanti a Jidda, inda ake liƙa hoton gwarzon wata, kuma a can mutane kamar su cinye juna. Nan kuwa kowa ya sunkuyar da kai.

Ustaz dattijo ne mai furfura a gemu, yana buga madannai da yatsu biyu. Shi ya koya wa dukkansu lissafi a sakandare, da ya yi ritaya ya koyi rubutun manhaja don kada zama ya kashe shi. Shi ne kuma mahaifin matar Mudassir. Na yi masa barka da zama na ɗaya. Ya kama hannuna muka fita baranda, aka kawo mana jabana, kofi mai citta a 'yar tukunyar ƙasa.

"Ya Hajj, jaje za ka yi mini," ya ce. "Na daina ƙailula. Nakan riga kowa zuwa. Da na kashe ƙwaro ɗaya sai in ji madannai sun ɗauka kamar ruwan sama, kowa ya miƙa ɗaya, su tsaya cak suna jirana. Ni ne rufin ɗakin nan, kuma gajere ne ni."

Na kira wata budurwa daga cikinsu, Iklas, wadda aka ce ta fi kowa hannu. Na tambaye ta ko gaskiya ne tana da aikin da ta gama ta ɓoye.

"Ya ammi," ta ce, wato baffana, "in sa sunana sama da na Ustaz? A bango? Kafin in isa gida babana ya ji."

Mudassir ma ya san haka, kunya ce ta ɗaure shi. "In goge sunan surukina da hannuna, Kawu? Gara in goge ofis ɗin."

A nan furfurata ta yi amfani, domin na girmi Ustaz. Na tuna gayyar noma da muke yi muna samari: makaɗi na zuga, matasa na tsere a kan kunya, dattawa kuwa suna gindin itace suna faɗin wanda ya ci. Ba a taɓa ba tsoho kunya a jera shi da jikokinsa. Da la'asar na miƙa wa Ustaz kyautarsa, wani ƙaramin kofi na gwangwani, na sanar cewa an ɗaga shi zuwa alƙalin wasa, alƙali kuwa ba ya shiga fili. Ya goge sunansa da gefen rawaninsa tun ban rufe baki ba. Na tafi masauki ina jin na gama aikin da ya kawo ni.

Da safe na zaga kasuwa. Buhunan riɗin bara, ƙaro, barkono, da kofin Habasha da ke shigowa ta Gallabat. Na yi ciniki da wata mai kofi da harshen Amhara, ta yaba bakina ƙwarai, ta kuma sayar mini yadda ta sayar wa wanda bai iya ba. Bayan azahar na koma ofis in ga ci gaba.

Ba abin da ya canza sai sunan da ke sama. Yanzu wani saurayi ne da ya girmi sauran da 'yan watanni, suna ce masa Yaya. Yana zaune kusa da fanka yana gumi, sauran sun sake jeruwa a ƙarƙashinsa. Mudassir ya zauna a ƙasa ya dafe kai. An aiko daga ƙungiyar manoma cewa ganyen riɗi ya fara rawaya a wajen Hawata.

Ana cikin wannan jimami sai Iklas ta miƙa hannu ta ɗauke kofin shayin wanda ke kusa da ita ta shanye.

"Ɓarauniya," ya ce. "Haka kike satar ƙwarina."

"Kai har kana da ƙwaron sata? Wanda ka kashe jiya ya farfaɗo, ya haihu."

Ustaz ya ɗago kai daga kujerar alƙalanci. Ya tambaya, aka ce masa ai taubasai ne, uwar mai shayin ƙanwar uban Iklas ce. Ya tashi ya share allon gaba ɗaya, ya ja layi ya rubuta sunayensu biyu suna fuskantar juna. Ya juya ga Yaya da ɗayan da ya rage ya tambayi asalin kakanninsu. Kakan Yaya daga Kano ya taho a ƙasa a hanyar hajji, na ɗayan daga Zazzau.

"Khalas, shi ke nan," in ji Ustaz. "Ku abokan wasa ne tun kafin a haife ku. Babu Yaya tsakanin Bakano da Bazazzagi."

Babu wanda ya taɓa ganin Kano ko Zariya a cikinsu. Ni da na ga duka biyun aka sa in tabbatar, na tabbatar, har na ba su misalan irin baƙar maganar da ake yi. Yaron da tun zuwana bai iya haɗa ido da Yaya ba ya gwada a hankali: "Jikan Bakano, da ƙwaro na sayuwa da tuni ka kai shi kasuwa."

"Ku Zage-zagi sai fahari," in ji Yaya. "Nuna mini aikinka."

Aikin da aka ɓoye ya fara fitowa. Iklas kaɗai ta juye abin da ya sa taubashinta ya nemi a binciki ko aljanu ke taya ta. Alƙali ya bincika, ya ce nata ne, ya ci shi tarar dafa shayi. Fanka kuwa aka mayar da ita mai juyawa, saboda yanzu sarakuna biyu ne. Da magariba ta yi sai da Ustaz ya kashe injin wuta kafin suka tashi salla.

Kashegari muka kamo hanyar gida. Abokina bai sayi dawa ba, ya ce zai jira ta sauko, kamar yadda ya faɗa bara. A hanya muka yi ta wuce motocin 'yan ƙwadago sun nufi gabas, an cika su har sama. Mun iso Fau da yamma, ƙanwata tana bakin ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki Mudassir ya bugo waya. Sun miƙa manhajar kafin a sa lauje. Akwai sauran ƙwari a ciki, wani mai gona ya nemi mutum goma aka turo masa ƙauye guda, amma ƙungiyar ta karɓa, ta kuma ba su aikin girbin dawa.

Abin da na koyo shi ne tsere yana da daɗi ga mutanenmu, sai dai ba da kowa suke yarda su yi shi ba, kuma wanda zai kafa musu allo ya fara tambayar wa ke jin kunyar wa. Yanzu duk wanda zai shiga ofishin nan, bayan an gwada iliminsa, Ustaz kan tambaye shi garin kakansa. Mudassir kuwa ya fasa tafiya Saudiyya, yana nan Gadarif.