Kwalaben Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san ba ya taɓa abu sabo. Ka ba shi dabino, sai ya shekara a gwangwani. Ka ɗinka masa jallabiya, sai ta yi jajaja a akwati kafin ta ga jikinsa. Maganarsa ɗaya ce: "Bar shi ya kwanta, bai kai ba." Ku da kuke zama da shi a bakin shago dariya kuke yi. Mu da muke gida ɗaya da shi, ni da mahaifiyata, ƙanwarsa, mu muka sha takaicin, kuma yau sai na amayar da shi.

Bala'in daga Jidda ya kwaso shi. Ya yi shekara shida yana dafa wa wasu Turawan Italiya abinci a wani kamfanin gini. Wani tsoho a cikinsu ya ba shi labarin jan ruwan inabin garinsu, wai ko kwalbar mai araha ce, in ka kwantar da ita a wuri mai sanyi da duhu shekara goma, sai ta fi ta masu kuɗi daɗi. Giya fa mutumin yake nufi! Kowa ya gane, ban da Kawu. Shi ya kafe cewa baturen mutumin kirki ne, ba zai yi masa zancen giya ba yana kallon tabon salla a goshinsa.

Rannan sai ga shi daga kasuwar Mansur da katan biyu na lemon inabi ɗan Italiya, wanda aka karya wa farashi don ya kusa lalacewa. Ya juye shi a kwalabe ashirin da huɗu, ya toshe, ya jera su a kwance a ƙarƙashin gado. A wane ɗaki? Ɗaki ɗaya tak da yake da mukayyif, na'urar sanyi. Ya kulle, ya rataya mukullin a wuya. Mu uku muka koma falo da fanka, a zafin Makka. Da ƙuraje suka feso wa mahaifiyata ta roƙe shi ko barcin rana ta riƙa yi a ciki, sai ya ce mata, "Ke ai kin riga kin kai. Su ne ba su kai ba."

Abin da ya hana mu sakewa ba zafin ba ne. Kawu ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Aikin hajji ya zo tun yana saurayi ya zauna, kuma burinsa ɗaya a duniya shi ne ya mutu a Makka a yi masa salla a Harami. To mutumin da ba shi da takarda, a kama shi da giya a garin nan, me ya rage? Sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga nan sai jirgin Kano.

A shekara ta biyu, ana idar da azahar, kwalba ɗaya ta fashe kamar an harba bindiga. Wari ya cika bene. Hajiya Ladi mai tuwo, maƙwabciyarmu da bakinta ba ya ajiye magana, ta leƙo tana shinshine-shinshine. Mahaifiyata ta tare ƙofa ta ce ƙullun waina ne ya yi tsami. Kawu kuwa yana bayanta yana murmushi, wai ta fara nuna. Wallahi ranar na manta kawuna ne. Na ce masa giya yake kiwo a ƙarƙashin gado, zai jawo mana askar, 'yan sandan ƙasar, har gida. Ya dube ni a natse ya ce, "Halal na zuba, na toshe da hannuna. Ta ina haram ɗin ta shiga?"

Muka kawo masa malamin unguwa a asirce. Malam ya yi bayani tiryan-tiryan ya ce a zubar. Yana fita Kawu ya ce yaro ne, shi ma bai kai ba.

Ranar Juma'a ya manta mukullin a banɗaki ya tafi Harami. Na tuttular da ashirin da ukun nan a masai, na wanke, na cika su da ruwan famfo da jar kalar girki, na mayar. Shekara takwas Kawu yana juya ruwan kala duk mako, yana ɗaga shi a haske yana gyaɗa kai. Ya yi alkawarin sai ranar aurena za a buɗe ta farko. Da safen ranar na sake satar mukullin, na ɗura sabon zoɓo a kwalbar da ke bakin gado. Ya buɗe gaban dattawa, ya kurɓa, ya lumshe ido ya ce shekara goma ke nan, Italiya ke nan. Alhaji Musa direba ya ce shi dai kamar zoɓo ya ji, Kawu ya ce masa harshensa na talaka ne.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, zoɓon nan na ranar aurenki, citta ta yi yawa."

Ashe tun Juma'ar nan ya sani, don masai ya kwana uku yana wari. Na tambaye shi don me ya bar mahaifiyata tana gasuwa a falo shekara da shekaru saboda ruwan kala. Wai in ya buɗe ɗakin, za a ce baturen ya ruɗe shi. Ku ji fa! Na miƙe zan fita don kar in faɗi abin da zan yi nadama, sai ya riƙo gefen mayafina.

"Da ba ki zubar ba, da yanzu a Kano zan mutu. Ke kika ajiye ni a nan."

Kwana huɗu bayan haka aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, ba askar ɗin da ya tambaye shi takarda. Har yanzu in na tuna ƙurajen mahaifiyata raina yana ɓaci, amma na yafe, ita ma ta yafe. Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sanyaya maka kabari fiye da yadda ka sanyaya wa kwalaben nan.