Mai Hauren Takobi

Gidanmu a birnin Sakkwato gidan rundawa ne, fawa muka gada. 'Yan shekaru bayan shigowar Nasara aka haife ni, na tarar da ɗakuna da yawa, mutane kaɗan. Wasu sun yi hijira gabas, sauran kuwa bakin Baba ne ya kore su. Allah ya jiƙansa, idan ya faɗa maka magana sai ka kwana uku tana yi maka zafi. Ƙanensa ɗaya ya rage, Baba Sani, shi ma wata rana suka yi cacar baki, ya ɗaure kayansa ya ce da asuba zai bi masu shanu.

Baba shi ne ɗan farin kakata Inna. Saboda kunya ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, balle faɗa. To, a ranar bayan magariba sai ta hura wuta kusa da zauren da yake wasa wuƙaƙe, ba inda muka saba ba. Ni kaɗai ce jikar da ta rage mata.

"Taho, ƙawata, ga ta nan," ta ce, da murya kamar mai kiran wani a bayan gari.

Wai kafin ruwan Ɗufana an yi wata kyanwar daji da ta fi zaki, ana ce mata mai hauren takobi. Na ce, "Inna, damisa ce?"

"Ke, wace damisa! Damisa haƙori gare ta. Wagga haure biyu gare ta, sun zarce haɓa kamar takubba. Ita ɗai aka kira hakanan."

Ba dabbar da ke ja da ita. Amma idan ta zo ɗaukar ɗanta da baki sai ta huda shi, idan ta lashi ɗan'uwanta sai jini. Ba da nufi ba fa. Ɗaya bayan ɗaya suka watse, saura ƙanenta guda, shi ma ya kama hanya.

Nan ƙarar dutsen washi ta tsaya. Sai muka ji takun Baba, ya fice waje.

"Inna, sai me ya faru?"

"Tahi ki kwanta," ta ce. Ta zauna tana kallo har wutar ta mutu. Da asuba Baba Sani ya tafi, ba mu ƙara ganinsa ba.

Na daɗe ina ɗaukarta tatsuniyar ban tsoro. Sai da na girma na gane uwa ce take roƙon ɗanta ta hanya ɗaya da aka bar mata. Bayan rasuwarta da shekaru, na je duba Baba, ya tsufa, shi kaɗai a gidan. Muna zaune, ya ce, "Dabbar nan ta tsohuwa, ƙanen nata ya dawo?"

Wallahi na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Baba, da ka fita ba ta ƙarasa ba."