Dabinon Jikan Na-Allah

"Kin ji wanda za shi tauna ma jinjirin gidan Alhaji Bukari dabino?"

"Wa?"

"Na-Allah."

"Na-Allah na bubet? Mai zuba ma jandarma giya?"

"Shi hwa. Ai kakan yaron ne, uban Karimatu."

"To su ɗura mai da kwalba mana, kowa shi huta."

"Ke bari. An ce bai taɓa kai ta baki ba."

"Wa ka kwana cikin bakinai da za shi ba da shaida?"

A kasuwar Malanbil aka yi wannan hira, washegarin ranar da Karimatu ta haihu. Na-Allah yana tsugune bayan buhuna yana zaɓen dabino ɗaya ɗaya, ya ji komai. Bai waiwayo ba. Ya saba.

Mutumin Gene ne. Ya shigo garin yana saurayi, lokacin da ake gina gadar da ta haɗa su da Gaya, yana dakon siminti, har wani Bature mai masaukin baƙi a bakin gulbi ya ɗauke shi wankin kofuna. A nan ya koyi aikin da ya kai shi furfura. Ya iya tsiyaya ruwan sanyi a kan barasar pastis sannu a hankali har ya rikiɗe ya yi fari kamar tsinkakken nono. Ya san jan diban, giyar inabin da ake kawowa daga Kwatano ba ya shiri da zafin Malanbil, sai an naɗe tulunsa da jiƙaƙƙen buhu. Wanda ya juya ya yi tsami, da hanci yake kama shi. Aka sami mulkin kai, Bature ya tattara, wurin ya koma bubet, wato mashaya, a hannun wata 'yar kudu. Sojoji suka yi ta ƙwace mulki a hannun juna, manyan duwan, wato kwastan, da na jandarma suna zuwa suna wucewa, Na-Allah yana nan bayan kanta da tsumma a kafaɗa.

Bai taɓa sha ba. Rigar aikinsa a bubet take kwana, ba ta san ƙofar gidansa ba. Kafin kowace salla sai ya dirje hannuwa da toka har gwiwa. Duk da haka ƙarshen sahu yake tsayawa, don ya lura na kusa da shi yakan tattare riga. Matarsa Safiyatu ta rasu ta bar masa ɗiya ɗaya tak, Karimatu, wadda ta auri Issufu ɗan Alhaji Bukari mai fataucin albasa.

A gidan Alhaji, washegarin haihuwa bayan la'asar, dattijo ke tauna dabino ya shafa a dasashin jinjiri. Sun yarda yaro yana ɗaukar halin wanda yawunsa ya fara shiga bakinsa. Tun cikin yana ƙarami Karimatu take roƙon a ba ubanta wannan aiki, Issufu ya yi ta zarya wurin mahaifinsa har ya ce to. Tun da Na-Allah ya zo garin, ba a taɓa kiransa gaban jama'a don wani abu mai tsarki ba sai yau.

Ya nemi hutun ranar, uwar bubet ta ce ina! An ƙara wa sabon ajidan, wani babba a jandarma, igiya, zai zo jiƙa ta da barasa shi da abokansa kafin azahar. Zamanin juyin juya hali ne, kowa kamarad, kowane babba kuma yana tsoron kofinsa. A garin su ajidan, can kudu, wanda ya zuba shi ke fara kurɓa, a ga babu guba.

Na-Allah ya haɗa pastis, ya aje. Ajidan ya tura masa kofin da ɗan yatsa, ya yi magana da Faransanci. Mai yi masa tafinta shi ne Sallau, ma'aikacin duwan, ɗan gari, wanda ya taɓa neman auren Karimatu, Na-Allah ya ce ba ya ba mashayi ɗiya.

"Baba, ya ce ka ɗanɗana," in ji Sallau.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni sha."

"Babu ranka shi daɗe yanzu, kamarad aka cewa. Ya ce mi ka zuba ciki da kake tsoro?"

"Sallau, ka san ni. Hwaɗa mai."

"Na san ka ƙwarai, Baba. Kai ne mai tsabtar baki."

Na-Allah ya sunkuyo, muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗana, ka yi ma Allah. Ce mai gobe. Gobe ko tulu guda ne in sha. Yau ni ka tauna ma jikana dabino."

Sallau bai ɓoye komai ba. Ya fassara duka, har da kwaikwayon muryar tsohon, teburin ya kece da dariya. Ajidan ya share hawaye, ya cire bindigarsa daga ɗamara ya aza kusa da kofin.

"Ya ce dama ke nan, yaro ya tashi namiji. In kuwa ka ƙi, to guba ce, kai maƙiyin juyi ne, yau kurkukun Faraku za ka kwana. Ka san waɗanda anka kai can ba su dawowa cin suna."

Na-Allah ya ɗauki kofin da hannu biyu. Ya kurɓa.

"Wannan shan tsuntsu ne, Baba. Kahe shi."

Ya kafe. Suka tafa masa. Sallau da kansa ya cika wani da sodabi, barasar kudu mai ƙona maƙogwaro, ya ce wannan na lafiyar jika ne. Shi ma Na-Allah ya shanye shi.

Ya sauka bakin gulbi ƙafafunsa suna harɗewa. Ya cusa yatsa ya yi amai. Ya dirje harshe da yashi, ya yi asuwaki har dasashinsa ya fashe, ya tauna goro. Ƙamshin pastis ba ya jin goro, shi ya fi kowa sani. Ya canza riga duk da haka, ya ɗauki ƙullin dabinonsa.

Labari ya riga shi isa. Zauren Alhaji cike yake, ya yi sallama, aka amsa ciki ciki.

"Matso, suruki," in ji Alhaji Bukari. "Hura mini iska nan."

A gaban dattijai, a gaban Issufu da ya kasa ɗaga kai, Na-Allah ya buɗe baki ya hura. Alhaji ya kau da fuska yana a'uzubillahi. Babu wanda ya kai Alhajin sanin wannan wari a zauren. Shekara da shekaru duk Alhamis Na-Allah yake cika masa butar shayi da wiski, a fitar ta ƙofar baya. Suka haɗa ido. Kalma ɗaya ta isa, amma ɗakin Karimatu a cikin gidan nan yake. Na-Allah ya haɗiye ta.

"Kwana arba'in ba a karɓar sallarka," in ji Alhaji, "balle yawunka. Kawo dabinon, shi bai yi laihi ba."

Ya karɓi ƙullin, ya zaɓi mai taushi, ya jefa a baki. Yana tauna yana yabon zaƙinsa ya shige cikin gida. Jim kaɗan aka ji guɗa.

Babu wanda ya kori Na-Allah, babu kuma wanda ya matsa masa a tabarma. Ya fita, ya zagaya bayan gida, wajen dangar ɗakin mai jego inda ruwan wanka ke kwarara. Ta cikin kara ya ji ɗiyarsa tana kuka ƙasa ƙasa, jinjirin yana tsotsar baki. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki da hanci, ya ɗaure tam a ƙeya.

"Karimatu. Ni ne, uwata. Ba ni shigowa, ba ni taɓa shi, na ɗaure bakin. Ɗaga mini shi bisa danga in gan shi."