Zuwa Liyon don gyara abin da gaisuwata ta ɓata

Talata: daga Barbès zuwa tashar Bercy

Da sunan Allah na fito daga ɗakina a unguwar Barbès ta birnin Paris ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata, bayan na sallaci asuba. Mai ɗakina Hajiya Zara ta raka ni har bakin matakala, ta ce, "Malam, in ka je ka saurara tukuna kafin ka yi magana." Na ce na ji.

Ga dalilin tafiyar, don 'yan'uwa na Damagaram su fahimta. Rakiya ɗiyar ƙanena ce marigayi, ni ne ubanta yanzu. Tana aiki a wani banki a Dakar, aikinta tsare kwamfutoci daga ɓarayin da ke shiga ta intanet. Wani kamfani na Liyon mai irin wannan sana'a ya gwada ta sau uku daga nesa, ya ce zai ɗauke ta. Kamfanin ne zai nema mata izinin aiki wurin hukuma, in ya fito sai ta kai dosiyenta, wato tarin takardunta, a ba ta biza. In kamfani ya janye hannunsa, babu izini, babu biza.

Da ta turo mini hoton takardarsu don in sa albarka, ta ce, "Baba, don Allah kada ka kira su." Na ce to. Amma a wurinmu ba a kai yaro gidan aiki babu babban da ya gaida maigida ya damƙa amana. Lambar tana ƙasan takardar. Na kira sau uku cikin mako biyu, na kuma tura ɗan'uwana Alhaji Iliya, da ke zaune a Vénissieux, gefen Liyon, ya je ya ga ƙofar wurin. Ranar Alhamis da ta wuce suka rubuta wa Rakiya cewa sun dakatar da neman izinin, saboda wasu mutane da ba a san su ba suna bin diddigin shugabanninsu da sunanta. Ta kira ni, muryarta a sanyaye. Ni na rubuta musu da kaina na nemi a gan ni, suka ba ni Laraba ƙarfe goma.

Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba huɗu, na sauya a Châtelet zuwa mai lamba sha huɗu, na sauka Bercy ƙarfe shida da minti ashirin. Tashar manyan motoci tana bayan wani lambu, tafiyar minti goma a ƙasa. Kuɗin mota Yuro sha tara. Jirgin ƙasa ya fi sauri, amma ina son lokacin da zan tsara maganata.

Hanyar Liyon

Mun tashi ƙarfe bakwai daidai. Daga Paris zuwa Liyon kilomita ɗari huɗu da sittin ne ko kusa da haka. Direban ɗan Maroko ne, da ya ga hulata ya ce, "Alhaji, kujerar gaba babu kowa." Na ce ban je Makka ba tukuna. Ya ce, "To zauna, ka saba da girman kafin ka je."

A wata ƙofar biyan kuɗin hanya 'yan duwan biyu, wato jami'an kwastan, suka hau da kare. Suka duba takardu cikin ladabi, karen ya tsaya kan jakata ya daɗe yana shinshina. Aka ce in buɗe. Burodi ne da dafaffen ƙwai da gasasshiyar kaza da Hajiya ta naɗe mini. Ɗayansu ya yi dariya ya ce karen bai karya ba. Minti goma sha biyar muka yi.

Ƙarfe goma da rabi muka tsaya hutun rabin awa a gefen hanya. Kofin shayi Yuro uku, na ga ya yi tsada amma sanyi ya sa na saya. Daga nan har Liyon gonakin inabi ne a kan tuddai, ko ganye babu a jikinsu. Na fito da littafina na ajami, inda nake rubuta abin da ya faru kowace rana tun zamanin da nake dakon kaya a kasuwar Rungis, na sake karanta kwanakin da na yi kiran.

Mun isa tashar Perrache ƙarfe ɗaya da minti ashirin.

Vénissieux

Metro A zuwa Bellecour, metro D har ƙarshen layi, sannan taram, jirgin da ke bin titi, mai lamba huɗu zuwa unguwar Minguettes. Minti arba'in da biyar. Alhaji Iliya yana jirana a bakin taram. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, ya girme ni da shekara ɗaya amma tun muna yara abokin wasana ne, yana aiki a wani babban sito na kaya. Gidansa a hawa na sha ɗaya. Lif ya lalace, muka taka.

A hawa na bakwai ya tsaya yana haki, ya ce, "Ka ga sakayya. Kai ka aike ni, yanzu kai ma kana hawa."

Na haɗa azahar da la'asar, sannan matarsa ta kawo dambun shinkafa da zogale. Muna ci na tambaye shi abin da ya yi a kamfanin, don bai taɓa faɗa mini duka ba.

"Me na yi? Na tsaya a ƙofa, wani ya sa katinsa ta buɗe, na bi bayansa. Na hau har biro, ofishinsu ke nan, na ce ina maigidan."

"Ba ka tsaya wurin mai gadi ba?"

"Na gaishe shi. Ya amsa."

Sai ya ba ni shawara. Ya ce in ce musu Rakiya ce ta aiko mu, don su ga yarinya ce mai dangi a bayanta. "Kai da furfurarka, za ka zauna gaban ɗan cikinka ka ce ɗiyarka ta hana ka abu ka yi? Wane irin uba za su ɗauke ka?"

Na ce zan yi tunani. Gaskiya maganarsa ta shige ni, don abin da nake jin nauyinsa ke nan tun daga Bercy. Na kwana a ɗakin baƙinsa, tagar tana kallon wasu dogayen gidaje irin nasa.

Laraba: a kamfanin

Taram mai lamba huɗun ya kai ni har Part-Dieu, unguwar da kamfanin yake, cikin minti talatin da biyar. Na bar Alhaji Iliya a gida, bai so ba. Ƙarfe goma saura minti goma na nuna katin zamana a ƙasa, aka ba ni katin baƙo, aka karɓi wayata aka sa a akwati.

Wanda ya tarbe ni sunansa Musye Loran, shi ne mai kula da tsaron kamfanin kansa. Ba zai wuce shekara arba'in ba. Na fara gaisuwa, na tambayi lafiyarsa da iyali da aiki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Haka kuka yi wa sakatariyarmu."

Ya buɗe takarda ya karanta. Kira na farko minti sha ɗaya, na samu sunan shugaban. Na biyu, na samu ranakun da yake zuwa biro. Na uku, na nemi adireshin gidansa. Bayan kwana biyu wani mutum ya shigo a bayan ma'aikaci ba tare da kati ba, ya ambaci sunan shugaban da na Rakiya.

Ya ce, "Musye, ɓarayin da muke yaƙa ba kullum suke fasa kwamfuta ba. Sukan kira, su yi fara'a, su samu suna yau, su samu lokaci gobe, jibi su turo mutum. Abin da kuka yi ke nan, bi da bi. Me za ku yi da adireshin?"

Na ce tsaraba zan aika. Na bayyana masa cewa a ƙasarmu babba yakan je ya gaida wanda zai riƙe ɗansa, ya ce ga amana, in ya yi laifi a hukunta shi, in ya yi daidai a riƙe shi da kyau. Na buɗe littafina na karanta masa abin da na rubuta a ranakun, ina fassarawa. Kwanakina da nasa suka yi daidai. Ya juya littafin ya duba, ya mayar mini.

Sai ya ce, "Tambaya ɗaya ta rage, ita ce ta shafi aikinta. Za mu ba ta makullan kwamfutocin bankuna da asibitoci. Ita ta sa ku kira?"

Maganar Alhaji Iliya tana bakina. Na dubi teburin na ce, "A'a. Ta hana ni. Na ce mata to, na kuma kira. Lambar a takardar da ta turo mini na gani. Mutumin da ya shigo ma ni na aiko shi."

Ya ce zai so ya ji daga bakinta, ba tare da mun haɗa baki ba. Ya kira ta a babban allon da ke bango. Ta fito da ɗan kwalinta, tana biro a Dakar. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ina kwana." Musye Loran ya yi mata tambayar da Faransanci. Ta dubi inda nake. Ya sake yi, ta ce baffanta mutumin kirki ne, ba ya nufin kowa da sharri. Na ga fuskarsa ta canza, don ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na gane ba za ta ce ubanta ya saɓa alkawari a gaban baƙo ba, ko da aikin zai tafi.

Na nemi izininsa in yi magana da Hausa, na ce zan fassara masa. Na ce, "Rakiya, na riga na faɗa. Faɗa masa yadda aka yi, ba rashin kunya ba ne, ni na sa ki."

Ta ɗago ta faɗa. Ta ce ta hana ni, ta kuma ƙara da cewa kuskurenta ne da ta tura hoton takardar da lambobi a jiki, mai sana'arta bai kamata ya yi haka ba. Ya rubuta wannan. Ya ce zai kai wa shugabanni rahoto, amsa sai Juma'a, kuma kada wani daga danginmu ya sake kira ko ya zo. Na ce na ɗauka. Na roƙi kada a hukunta sakatariyar, ya ce za a ƙara mata horo ne kawai. Ƙarfe sha ɗaya saura minti biyar aka mayar mini da wayata.

Komawa

Ban koma Vénissieux ba. Na kira Alhaji Iliya daga tasha na faɗa masa abin da na ce. Ya ce, "Kai dai taurin kanka na gado ne. Allah ya sa a dace." Na ci shinkafa da kaza a wani gidan abinci na 'yan Turkiyya, Yuro goma sha ɗaya, na sayi tikitin jirgin ƙasa mai sauri Yuro hamsin da biyu. Ya tashi ƙarfe biyu da 'yan mintoci, awa biyu ya ajiye mu a Paris. Na shiga gida kafin magariba. Hajiya ta tambayi yadda aka yi, na ce sai Juma'a.

Ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci Rakiya ta kira. Sun mayar da neman izinin, amma jinkirin ya sa za ta fara aiki wata ɗaya bayan lokacin da aka sa da farko, kuma ba za a ba ta manyan makullan ba sai ta yi wata shida. Na ce ni na ja mata wannan, ta yafe mini.

Ta ce, "Baba, babu komai. Amma ranar da zan sauka, kai nake so ka zo filin jirgi. Nan ba wanda zai hana ka."

Na ce in Allah ya kai mu.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Alhaji Iliya da iyalinsa da suka sauke ni, da Musye Loran da ya saurare ni har na gama. Bizar ba ta fito ba tukuna, dosiyen yana hannun hukuma. Duk wanda ya karanta wannan a gida, ya sa Rakiya a addu'a.